Masu Riƙe Linzamin Na'ura: Jami'a Na Raino, Kamfanoni Na Kwashewa

A farkon 2015, ma'aikatan wata cibiyar bincike da ke bakin kogi a birnin Pittsburgh na Amurka suka fara ganin kujerun abokan aikinsu babu kowa. Yau a ce wane ya ajiye aiki, gobe a ce wane ya bi sahu. Kafin a ankara mutum kusan arba'in sun tafi, har da shugaban cibiyar kansa.

Cibiyar ta Jami'ar Carnegie Mellon ce, kuma ta yi kusan shekara ashirin tana ƙera na'urori masu tafiya da kansu domin sojoji da manoma da masu haƙar ma'adinai. Waɗanda suka tafi ba su yi nisa ba. Kamfanin Uber ne ya buɗe ofis a cikin garin da nufin ƙera motar haya marar direba, ya kuma bi su ɗaya bayan ɗaya. Jaridun Amurka sun ruwaito cewa wasu an ninka musu albashi, wasu kuma an ba su makudan kuɗi na maraba kawai. Bayan 'yan watanni Uber ya ba jami'ar dala miliyan 5.5. Ko kyauta ce ko diyya, kowa da yadda ya fassara.

Abin da ya faru a Pittsburgh shi ne ke faruwa a hankali a jami'o'in duniya har yau. Ana son mota da jirgi da masana'anta masu tafiyar da kansu, amma mutanen da suka san yadda ake tabbatar da cewa irin waɗannan na'urori ba za su haukace ba ba su da yawa, kuma hanyar da ake bi a raine su doguwa ce mai gargada.

Sana'ar da ba a gani

Duk wanda ke da janareto a gida ya taɓa jin aikinsu. Idan aka kunna firiji, muryar injin takan dushe na ɗan lokaci, sannan ta dawo daidai. Wata 'yar na'ura ce, wadda bakanikai ke kira gwamna, ta ji injin ya yi nauyi ta ƙara masa mai. Haka sitabilaiza ke yi idan wuta ta zo ƙasa-ƙasa, haka ƙwallon da ke cikin tankin ruwa ke rufe famfo idan ya cika.

Dabarar guda ce: a auna abin da ke faruwa, a kwatanta da abin da ake so, a gyara, a sake aunawa. Ilimin da ke nazarin wannan zagaye shi ake kira injiniyancin sarrafa na'urori. Mahayin doki zai fi gane shi da sunan ilimin linzami. Ka ja da yawa doki ya tayar da ƙafa, ka saki da yawa ya gudu da kai, ka yi jinkirin ja kuwa sai dai a tsince ku a rami.

Ilimin ba sabo ba ne. A ƙarni na 9, 'ya'yan Musa bin Shakir su uku a Bagadaza sun rubuta Kitabul Hiyal, inda suka zana tukwane da fitilu masu daidaita ruwa da mai da kansu. A 1788 James Watt ya sa wa injin tururinsa gwamna. Amma sai a 1868, lokacin da James Clerk Maxwell ya yi amfani da lissafi ya bayyana dalilin da ya sa wasu injuna ke kaɗawa su ƙi natsuwa, abin ya tashi daga dabarar maƙera ya koma fannin ilimi.

A 1922 wani injiniya haifaffen Rasha, Nicolas Minorsky, ya zura wa matuƙan jirgin ruwa ido. Ya gane cewa gwanin matuƙi yana lura da abu uku: nisan da jirgi ya kauce, tsawon lokacin da ya yi a kauce, da saurin da yake ƙara kaucewa. Ya mayar da wannan lissafi. Yau fiye da kashi 90 cikin 100 na na'urorin daidaito a matatun mai da masana'antun siminti da na taki a kan wannan dabara suke aiki. A 1960 kuma Rudolf Kalman ya fito da hanyar tace ƙiyasi mai kyau daga awo mai cike da kuskure, aka yi amfani da ita wajen kai kumbon Apollo duniyar wata. Jikokinta na cikin wayar da ke aljihunka, su ne ke taimaka mata ta nuna maka inda kake a taswira.

Karl Johan Åström, wanda ya kafa sashen wannan fanni a Lund ta ƙasar Suwidin a 1965, ya kira shi ɓoyayyar fasaha. Gaskiyarsa. Ba a tuna da mai riƙe da linzami sai ranar da doki ya ƙwace.

Daga hamada zuwa kasuwa

Abin da ya fito da masu riƙe linzamin fili wata gasa ce. A watan Maris na 2004 hukumar binciken ma'aikatar tsaron Amurka, DARPA, ta sa kyautar dala miliyan ɗaya ga duk motar da za ta ratsa hamadar Mojave babu direba, tafiyar fiye da kilomita 200. Ba wadda ta kai. Wadda ta fi ƙoƙari, ta Carnegie Mellon, ta yi kusan kilomita 12 ta maƙale.

Shekara ɗaya da rabi bayan nan aka sake, motoci biyar suka kai ƙarshe. Ta Jami'ar Stanford, ƙarƙashin Farfesa Sebastian Thrun, ta zo ta ɗaya cikin kusan awa bakwai. Ba a daɗe ba Thrun ya koma Google, inda a 2009 aka fara aikin da ya haifi kamfanin Waymo.

Akwai kuma Raffaello D'Andrea, malami a Jami'ar Cornell, wanda ya yi suna da horar da ƙananan mutum-mutumi su buga ƙwallo. Da wannan ilimin ya shiga cikin waɗanda suka kafa Kiva Systems, mai ƙera na'urorin da ke ɗaukar kaya a manyan rumbuna. A 2012 Amazon ya sayi kamfanin a kan dala miliyan 775. Shi D'Andrea ya riga ya koma aji, yana farfesa a ETH da ke Zurich.

Ko rokar SpaceX da ta sauka a tsaye a Disamban 2015, wadda duniya ta yi ta kallo baki buɗe, lissafin saukarta yana da tushe a takardun bincike da Behçet Açıkmeşe da Lars Blackmore suka wallafa tun suna aiki a cibiyar JPL ta hukumar NASA. Ɗaya ya tafi SpaceX, ɗaya ya zama farfesa a Jami'ar Washington. Hanyoyi biyu ke nan da ke gaban duk matashin da ya ƙware a wannan fanni, kuma ta biyun ce ke ƙara ƙunci.

Tsani mai tsawo, ƙofa ƙarama

Wanda ya zaɓi jami'a zai fara da digirin digirgir, shekara huɗu zuwa shida. A Suwidin da Holan ɗalibin digirgir ma'aikaci ne mai albashi da hutu da fansho. A Amurka kuwa alawus ake ba shi wanda da ƙyar yake biyan haya da abinci.

Bayan nan sai aikin bincike na wucin gadi a ƙarƙashin wani farfesa, shekara biyu ko uku, yawanci a wata ƙasa dabam. Idan kwantiragi ya ƙare a sake neman wani. Mutum ya haura talatin, yana da mata da 'ya'ya, amma bai san garin da zai yi sallar baɗi ba.

Idan Allah ya taimake shi ya sami gurbin ƙaramin farfesa a Amurka, sai a ba shi kusan shekara shida ya nuna kansa. Dole ya wallafa a manyan mujallun fannin, irin su Automatica da IEEE Transactions on Automatic Control, inda takarda ɗaya kan shekara a hannun masu tantancewa. Dole a gan shi a babban taron da ake yi duk Disamba. Dole ya yaye ɗalibai. Sama da komai, dole ya kawo kuɗin bincike daga gwamnati ko kamfanoni, domin da su zai biya ɗaliban ya sayi kayan aiki. A ƙarshe kwamiti ya zauna: ko a ba shi kujerar dindindin, ko a ba shi shekara guda ya tattara komatsansa.

Malamai da yawa kan ce sun shigo ne domin lissafi, suka tsinci kansu suna rubuta takardun roƙon tallafi dare da rana, kuma cikin biyar da wuya a amsa fiye da ɗaya.

Lissafin ma bai goyi bayan matashi ba. Wani nazari da Richard Larson na jami'ar MIT da abokansa suka wallafa a 2014 ya nuna cewa farfesan injiniyanci a Amurka yakan yaye masu digirgir kusan takwas a tsawon aikinsa. Kujerarsa kuwa ɗaya ce. Idan ya yi ritaya mutum ɗaya ne zai gaje shi, sauran bakwai su nemi wani wuri.

A Jamus dokar ta fi tsauri. Mai bincike na iya yin shekara shida a kan kwantiragin wucin gadi kafin digirgir, da wasu shida bayansa. Idan suka ƙare bai zama farfesa ba, ƙofa ta rufe. Kusan tara cikin goma na matasan masu bincike a can a kan irin wannan kwantiragi suke. A 2021 wani bidiyon zane na ma'aikatar ilimi ta ƙasar, mai nuna wata mai bincike da aka raɗa wa suna Hanna, ya tayar da ƙura. Bidiyon ya nuna cewa dokar alheri ce, domin tana hana 'yan zamani ɗaya toshe wa na baya hanya. Dubban masu bincike suka fito a Twitter kowa na cewa shi ne Hanna, suna ba da labarin shekarun da suka yi ba su da tabbas.

To ga wannan hali, ga kuma kamfani na miƙo albashi ninki biyu ko uku, da motocin gwaji, da kwamfutocin da babu jami'ar da za ta iya saya. Ba abin mamaki ba ne idan mutum ya tafi. Abin tambaya shi ne me ke zaunar da waɗanda suka zauna.

Wa zai ce a dakata?

A nan gizo ke saƙar. Injiniyan linzami ba ya gamsuwa da cewa an gwada na'ura sau dubu ta yi aiki. Hujja yake nema, ta lissafi, cewa duk yadda iska ta kaɗa ko ma'auni ya yi ƙarya, na'urar za ta dawo kan hanya. Wannan ɗabi'a ta samo asali ne daga aikin Aleksandr Lyapunov na Rasha a 1892, kuma ita ce gadon fannin. A harkar jiragen sama ƙa'idar ita ce yiwuwar lalacewa mai halakarwa kada ta wuce sau ɗaya cikin awa biliyan ɗaya na tashi.

Sabbin na'urori masu ƙirƙirarriyar basira ba sa ba da irin wannan hujja cikin sauƙi. An koya musu aiki ne da miliyoyin misalai, kuma ko waɗanda suka ƙera su ba za su iya rantsuwa a kan abin da za su yi gobe ba idan suka haɗu da abin da ba su taɓa gani ba. Cibiyar RAND ta lissafa a 2016 cewa sai mota marar direba ta yi tafiyar ɗaruruwan miliyoyin mil kafin a iya cewa ta kai ɗan Adam kiyaye rai. Gwaji kaɗai ba zai wadatar ba. Yadda za a ɗaura wa irin wannan basira linzami shi ne babban abin da ake bincike a kai yanzu, har aka fara wani taro na musamman a kansa a MIT a 2019.

An ga abin da gaggawa ke jawowa. A Maris na 2018 motar gwaji ta Uber ta kaɗe wata mata mai tura keke a garin Tempe na jihar Arizona, ta mutu. Bincike ya nuna na'urar ta hango ta daƙiƙu biyar zuwa shida kafin karon, amma ta yi ta sauya shawara a kan ko mene ne a gabanta, kuma an riga an kashe birkin gaggawa na asalin motar.

Na Boeing ya fi muni. An sa wa jirgin 737 MAX wata manhaja mai danna hancin jirgi ƙasa idan ta ga ya ɗaga da yawa, aka kuma bar ta ta dogara da ma'auni guda ɗaya tak. Ma'aunin ya yi ƙarya a Indonesiya a Oktoban 2018, mutum 189 suka mutu. Ya sake yi a Habasha a Maris na 2019, mutum 157 suka mutu, cikinsu har da 'yan Najeriya biyu: Farfesa Pius Adesanmi da jakada Abiodun Bashua. Ɗalibin aji huɗu ma ya san haɗarin jingina rai a kan ma'auni ɗaya. Ba ilimi aka rasa ba. An rasa wanda zai ce a dakata a kuma saurare shi.

Tun a 1989 wani gogaggen injiniya, Gunter Stein, ya gargaɗi takwarorinsa a wata shahararriyar lacca cewa su ji tsoron na'urar da ba ta da natsuwa a ɗabi'arta, ya kuma kawo misali da tashar nukiliya ta Chernobyl. A ganina wannan shi ne amfanin kujerar dindindin, duk da wahalar samunta. Farfesan da ba a iya kora saboda ya faɗi abin da ba a so yana iya duban kamfani mai biliyoyin daloli ya ce lissafinku bai cika ba. Injiniyan da hannun jarinsa ke rataye da ranar fitar da kaya kasuwa zai daɗe yana tauna maganar kafin ya furta.

Ra'ayi ya rabu

Ba kowa ke kallon abin a matsayin asara ba. Masu kare kamfanoni na cewa ilimin da bai fita daga takarda ba bai amfani kowa ba, kuma bakwai ɗin nan da ba su sami kujera ba ai ba zaman kashe wando suke yi ba, su ne ke gina abin da ake amfani da shi. Sukan kuma yi wa malaman jami'a ba'a cewa suna rubuta hujjoji masu kyan gani a kan na'urorin da babu su a duniya. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki.

Shugabannin jami'o'i kuwa na ganin manomin da ya dafa iri ya ci a bana, baɗi sai bara. Idan farfesa ɗaya ya tafi, ɗalibai takwas sun rasa malami.

Wasu sun nemi tsaka-tsaki. Jami'o'i da dama yanzu suna barin malami ya raba mako tsakanin aji da kamfani. A Suwidin gidauniyar iyalan Wallenberg ta kafa shirin WASP a 2015, ta zuba biliyoyin kuɗin ƙasar domin horar da ɗaruruwan masu digirgir, wasunsu ma'aikatan kamfanoni irin su Saab da Ericsson ne da ke karatu suna karɓar albashi. A Georgia Tech kuma Magnus Egerstedt ya buɗe ɗakin gwaji mai suna Robotarium a 2017, inda kowane ɗalibi daga ko'ina a duniya zai aika manhajarsa ta intanet, a gwada masa a kan ƙananan mutum-mutumi, a mayar masa da bidiyo, kyauta.

Kasuwar ma ba ta da alƙawari. Argo AI, wanda Ford da Volkswagen suka zuba wa biliyoyin daloli, ya rufe a Oktoban 2022. General Motors ya janye daga motocin hayar Cruise a ƙarshen 2024. Shi Uber ɗin da ya kwashe mutanen Pittsburgh ya sallama sashen gaba ɗaya ga kamfanin Aurora a Disamban 2020. Cibiyar da aka yi wa wasoso kuwa ta ɗauki sabbin mutane, tana nan a bakin kogi tana aiki.

Mu fa?

Mai karatu a Kano ko Damagaram na iya cewa wannan rigimar masu ƙoshi ce. Amma matsalar da ta fi damun mu ta linzami ce tsantsa. Babban layin wutar lantarkin Najeriya dole ya riƙa bugawa sau 50 a daƙiƙa. Idan buƙata ta fi abin da ake samarwa bugun ya faɗi, idan ba a farfaɗo da shi cikin daƙiƙu ba tashoshi su riƙa ficewa ɗaya bayan ɗaya har ƙasa ta yi duhu. A 2024 kaɗai hakan ya faru sama da sau goma. Cibiyar da ke lura da layin a Osogbo ta daɗe ba ta da cikakkun na'urorin da za su nuna mata dukkan layin a lokaci guda, hukumomi kuma sun sha kokawa cewa wasu tashoshi ba sa barin gwamnan injunansu ya yi aikinsa. Gwamnan nan dai na janareton gida, sai dai wannan ƙato ne.

Ba mu kaɗai ba ne. Ranar 28 ga Afrilun 2025 Sifaniya da Fotugal suka rasa wuta cikin 'yan daƙiƙu, rahotanni kuma suka ɗora laifin a kan gazawar daidaita ƙarfin wutar. Bambancin shi ne su an yi ta bincike wata da watanni, mu kuwa mun saba.

Akwai tushe a gida. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya na ba da digiri na biyu da na uku a wannan fanni, Jami'ar Bayero na da sashen mekatironik, injiniyoyin Sojojin Sama a Kaduna kuma sun yi aikin jirage marasa matuƙi, ciki har da Tsaigumi da aka ƙaddamar a 2018. Jiragen Zipline sun fara kai magunguna asibitocin jihar Kaduna a 2022. Sai dai lissafin da ke tuƙa su a Kalifoniya aka rubuta shi.

Ciwonmu kuma ya fi na Pittsburgh. Su kamfanin unguwa ne ya ɗauke musu mutane, mu ƙetare suke tafiya. Malamin da hukumar tallafin karatu irin TETFund ko PTDF ta tura Malesiya ko Ingila ko Saudiyya yakan dawo ya tarar da aji mai ɗalibai ɗari biyu, ɗakin gwaji babu wuta, ga yajin aiki kamar na 2022 da ya ci wata takwas. Albashin farfesa na wata, idan aka canja shi, bai kama ƙafar na ɗalibin digirgir a Suwidin ba. Da wa'adin yarjejeniyarsa da hukumar ya cika sai ya sake ɗaukar jaka, kuma ban ga wanda zai zarge shi ba.

Duk da haka fannin na da wani sauƙi da ba kowane fanni ke da shi ba. Ba ya buƙatar injin biliyoyi. Kalman da takarda da alƙalami ya yi nasa. Lissafi mai zurfi, kwamfutar cinya, intanet da malamin da ya san hanya sun isa a fara. Littafin da Åström ya rubuta tare da Richard Murray na jami'ar Caltech yana nan a intanet kyauta, Robotarium ma ba ya tambayar fasfo.

Abin da ya rage ga hukumomi ƙarami ne idan aka kwatanta da abin da ake kashewa wajen tura mutane waje: kamfanin raba wutar lantarki na ƙasa ya buɗe wa jami'o'i bayanan kowace faɗuwar layi, TETFund ta ware tallafin shekara uku ga duk wanda ya dawo da digirgir a fannin, a kuma rage masa nauyin aji ya sami lokacin tunani.

Kai kuma ɗalibin injiniyanci da ke aji huɗu, wanda ke haddace darasin sarrafa na'urori domin ka tsallake jarrabawa ka manta da shi: ka koma ka zauna da lissafin nan har ka gane shi, sannan ka je ofishin malamin ka tambaye shi a kan me yake bincike, da ko yana buƙatar mai taya shi.